Ramukan da Na Hango Daga Sama

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke cikin kaina, da safiyar da na ja motoci uku cike da jandarmomi zuwa wani daji a yammacin Tirmini. Ina zaune a gaban mota, na ɗora hular ƙarfe ta aro wadda ta yi mini yawa (a wancan zamanin kuwa, samun hular da za ta yi wa kaina yawa ba ƙaramin aiki ba ne). Yau ina ba da labarin ina dariya. A ranar kam, da ƙasa ta ji tausayina ta tsage, da na shige ban yi wa kowa sallama ba.

Bari in ɗauko muku daga tushe. Shekarun fari ne, lokacin da damina ta yi ta yi mana rowa a jere. Ina da shekara ashirin da bakwai, ban daɗe da dawowa daga Yamai ba, inda aka koya mana aikin tantance bayanan tsaro. Aka turo ni gida Damagaram, wani buro, wato ofishin gwamnati, da ba zan faɗi sunansa ba (matata ma sai da muka haifi na biyu ta daina gaya wa ƙawayenta cewa a gidan waya nake aiki). Aikin a taƙaice shi ne labarai su yi ta zuwa daga ko'ina, kai kuma ka zauna ka tsince tsakuwa daga tsaba, ka gaya wa manya abin da ya kamata ya hana su barci da abin da za su iya mantawa da shi.

Tsofaffin buron sun ce a zamaninsu ƙarancin labari ne ciwon kansu. Mutum sai ya yi mako yana zagaya tasha da kasuwa kafin ya samo magana ɗaya mai amfani. Namu zamanin ya zo da akasin haka. Hotunan tauraron ɗan adam suna zuwa duk bayan mako biyu, rahoton shingayen hanya kullum, ga jerin kiran wayar salula mai tsawon da ba mai iya karanta shi, har kwamfutar ma takan tsaya ta yi nishi. Maƙiyin shi ma ya sauya kama. Ba runduna ba ce mai tuta da kaki wadda za ka hango tun daga nesa. Mutum huɗu ne a kan babur biyu, ko akwatin bindigogi a ƙarƙashin buhunan dabino. An kuma san cewa masu fasa-ƙwaurin makamai sukan binne kayansu a daji, su dawo su tone idan hanya ta yi kyau. Wannan gaskiya ce, ba ni na ƙirƙiro ta ba, don haka ku ajiye mini ita a gefe, ita kaɗai ce uzurina.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ku sani game da ni. A cikin Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, aka haife ni, gidanmu asalinsa Barno, kakana da mahaifina duk fatake ne masu rufin asiri. Yunwar da na sani ita ce ta azumi, wadda ake kashewa da kunu da ƙosai da zarar an kira magariba. Gero a cikin kwano na san shi, ya riga ya zama fura. Fari kuwa a rediyo nake jin sa, kamar yadda ake jin labarin wata ƙasa.

Teburina yana kallon na Baba Ari. Dattijo ne, saura masa shekara biyu ya ajiye aiki, tabarau a kan hanci, goro a kumatu, ba ya taɓa kwamfuta sai dai ya ɗora mata hularsa. Rabin ranarsa a tasha yake yin ta. Ya san kowane direba da sunan uwarsa. Ina gaishe shi da ladabi kamar yadda aka koya mini a gida, amma a zuciyata na riga na saka shi cikin kayan tarihi.

Wata Litinin ina duba sababbin hotuna, sai na ga wasu ɗige-ɗige a dajin da ke tsakanin ƙauyuka uku a yammacin Tirmini. Na ƙara girman hoton. Ramuka ne sababbi, ga ƙasar da aka fitar a zube a gefensu. Na ɗauko hoton wata biyu da suka wuce, babu ko ɗaya. Na wata guda, tara. Na yanzu, arba'in da uku. Ba a gona suke ba, ba a kwari suke ba balle in ce ruwa ake nema, ba kuma maƙabarta ba ce. A warwatse suke cikin daji, nesa da gari, inda a ganina ba mai dalilin zuwa.

Gabana ya faɗi, amma irin faɗuwar gaban mai farauta. Ruwa ba ya tsami banza. Na shiga rahoton shingayen hanya, sai ga shi samarin ƙauyukan nan uku suna ta fita rukuni-rukuni, ba kaya ba jaka. Na shiga jerin kiran waya, sai ga waya guda ɗaya a babban ƙauyen tana ta karɓar kira daga ƙetaren iyaka, kowane kira gajere, ba ya cika minti ɗaya. Can kuma na tono wata takarda da wani mai kawo mana labari ya aiko tun da daɗewa, ba wanda ya kula ta: maƙerin garin ya bar ƙirar komai, sai dagi, wato ƙarfen tona rami. Biri fa ya yi kama da mutum.

Kwana uku na yi a kan rahoton. Shafi ashirin da biyu, da taswira mai jajayen ɗige-ɗige, da kibiyoyi masu tasowa daga arewa su sauka daidai kan kowane rami. Har yau ina cewa rahoto ne mai kyau. Ban taɓa ganin kuskuren da aka tsara da kyau kamarsa ba.

A rana ta biyu Baba Ari ya leƙo ta saman tabarau, ya kira ni da laƙabin Faransanci da ake kiran 'yan boko da shi.

"Mushe, me kake dafawa ne haka, ko salla sai an tuna maka?"

"Wani ɗan dosiye ne, Baba, rahoto nake haɗawa."

"To mu gani mana, ko tsoho zai sa gishiri."

Sai na juya fuskar kwamfutar zuwa bango, na ce, "Sirri ne, Baba. Sai Kumanda ya gani tukuna."

Ku ji fa. Mutumin da ya fara riƙe sirrin ƙasa tun kafin a yaye ni, shi na ce wa sirri ne. Ya dube ni, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya ci gaba da tauna goronsa. Gaskiyar maganar, ba sirri nake karewa ba. Ba na son sunan kowa ya zauna kusa da nawa a shafin farko.

Har lokacin ganawa da Kumanda sai da na zaɓa. Na ji Baba Ari yana cewa ranar Laraba da safe zai je jana'izar wani maƙwabcinsa, sai na nemi a ba ni wannan safiyar. Kumanda, shugaban buronmu, gajeren mutum ne marar yawan magana, a bakin kogi ya tashi can Yamai. Hafsoshi biyun da suka zauna tare da shi su ma 'yan birni ne irina. Na haska hotuna a bango, na zuba musu Faransancin da ni kaina sai da ya burge ni. Na ce ramukan nan rumbun makamai ne, samarin da ke fita ɗaukar su ake yi, wayar kuma ita ce igiyar da ta haɗa su da iyayen gidansu.

Da na gama, Kumanda ya ce, "Ka tabbata?"

"Mon kumanda, mutum na ƙarya, na'ura ba ta yi."

"To ga matsala. Gobe Alhamis manyan motoci, kamiyo biyu na hatsin agaji, za su tafi ƙauyukan nan. An riga an gaya wa mutane. In na tsayar da su, mutane za su zauna da yunwa. In na bar su suka tafi aka tare su a hanya, ni za a tambaya. Me ka ce?"

"A tsayar da su," in ji ni. Haka na faɗe ta, kamar mai cewa a kashe fanka.

Daidai nan Baba Ari ya yi sallama ya shigo, ƙurar maƙabarta a takalminsa. Na riga na kashe hotunan, taswirar ce kawai ta rage a bango. Ya ji maganar tsayar da hatsi, ya dubi bangon, ya ce, "Kumanda, ni ɗige-ɗige ja kawai nake gani, ban san me ke ƙarƙashinsu ba, ban kuma ce yaron ya yi ƙarya ba. Amma kada a tsayar da abincin mutane saboda ɗigo. A ba ni babur da yini guda, in je in sha ruwa a gidan mai gari in dawo."

Na ce zuwansa zai sa su farga su kwashe kayan. Da na tsaya a nan, da sauƙi. Sai na ƙara da cewa, "Zamanin shan ruwa a gidan mai gari ya wuce, Baba." Hafsoshin nan biyu suka yi dariya, ni kuma na ji daɗin dariyar har cikin raina (na yi alkawarin ba zan ɓoye muku komai ba). Kumanda ya hana kowa zuwa, ya sa hannu aka tsayar da motocin, ya kulle rahoton a durowarsa. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ni a lissafina na wuce rimi, tauraron ɗan adam na hau.

Na ɗauka washegari za mu tafi. Ashe samame ba ya tashi haka nan. Sai an nemi izini daga Yamai, sai an samo man mota, sai an haɗa mutane. Kwana shida aka yi. A cikin kwana shidan nan na ci abinci sau uku kowace rana, na sayi sabon takalmin sau-ciki na shiga daji, na yi ta gwada yadda zan tsaya idan aka zo ɗaukar hoto da akwatunan bindigogi. Ban tuna da kamiyon nan biyu ba ko sau ɗaya.

Muka tashi bayan sallar asuba, muka bar kwalta da hantsi. Kumanda da kansa ya zo, ya kuma ce Baba Ari ya shiga motar baya, ya shiga da butarsa. Ni an ɗaura mini rigar kare harsashi mai nauyin buhu, ga hular nan, ga na'urar nuna wuri a hannuna. Gonaki fayau, ko kara babu. Mun wuce mushen saniya har biyu. Na lura an tsige ganyen itatuwa har inda hannu ke kaiwa, sai na juya na ce wa Kumanda, "Ka gani ko? Sun share ganye don su hango mai zuwa daga nesa." Ya ce, "Uhm." Idan mutum ya riga ya yanke hukunci, ko tsuntsu ne ya gifta shaida ne.

Rami na goma sha bakwai na zaɓa, don shi ya fi girma a hoto. Tun daga nesa muka hango ƙura na tashi, da kawunan mutane suna sunkuyawa suna ɗagowa. Na ce, "Ga su nan!" da wata murya da ban san ina da ita ba. Motoci suka rabu, jandarmomi suka dira suka yi wa wurin zobe, sajan ya daka tsawa, "Kowa ya tsaya! Hannu sama!"

Mata ne. Su bakwai. Ɗaya da goyo a bayanta. Akwai dagi biyu, da ƙorai, da faya-fayai, da rariya. Mai goyon ta saki faifanta ta fasa kuka, wata ta durƙushe tana salati. Babbar cikinsu, wata tsohuwa da daga baya na ji ana kiran ta Inna Dije, ko motsi ba ta yi ba. Tana zaune a bakin ramin ta miƙe ƙafa, rariya a cinyarta. Ta dubi sajan ta ce, "Ɗan nan, hannun nawa tun jiya ba ya ɗaguwa. Sai dai ka yi haƙuri."

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na matso kusa da Kumanda na raɗa masa cewa ai dabara ce sananniya, mata ake sawa a gaba don ɓad da sawu. Na nuna wani buhu da ke jingine a gindin ƙaya, an ɗaure bakinsa tamau. Na ce kowa ya ja da baya, ba a san abin da ke ciki ba. Jandarmomi suka ja da baya. Na taka a hankali, sabon takalmi yana ƙara, na durƙusa, na yanke igiyar da wuƙa.

Ƙasa ce. Ƙasa da ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa, sai tsabar gero ɗaya nan ɗaya can. Na ce a raina ƙarfen yana ƙasa. Na naɗe hannun riga, na zura hannuna har gwiwa ina lalube.

Abin da ban lura da shi ba shi ne buhun yana motsi. Tururuwa ce a ciki, ba ta ƙirguwa, kuma ranta a ɓace yake. Kafin in zaro hannun ta bi damtsena ta shige ƙarƙashin rigar harsashin, inda hannu ba ya kaiwa. Na miƙe zumbur. Na fara da kaɗa kafaɗa cikin mutunci, na koma dukan ƙirji, daga nan ban san lokacin da na shiga tsalle ina juyi ba. Hular ta fice ta gangara cikin ramin. Na kama maɗaurin rigar na rasa yadda ake kwance shi, don ba ni na ɗaura ba. Sai da sajan ya ajiye bindigarsa ya zo ya tuɓe ni kamar jariri, har da rigar ciki. Jandarma goma sha biyu suna tsaye, kowa ya sami wani abu a sama da yake kallo, kafaɗunsu suna rawa. Mai goyon nan da ta fara da kuka, ita ta fara fashewa da dariya.

Da a nan abin ya ƙare, da labarin ban dariya ne kawai.

Baba Ari ya taho a hankali, ya tsuguna gaban tsohuwar, ya cire takalmi, ya yi abin da ba wanda ya yi a cikinmu tun da muka iso. Ya gaishe ta.

"Sannu da aiki, Inna. Ina gajiya? Yaya haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya, Malam."

"Har an kai ga gidan tururuwa ke nan?"

"An kai. Wata biyu ke nan."

Ya jinjina kai, ya taso ya zo inda nake tsaye ba riga ina susa. Ya rage murya don kada sauran su ji, wannan karamcin kuwa ya fi mari zafi. Ya ce tururuwa takan tara hatsi da 'ya'yan ciyawa a ƙarƙashin ƙasa tun lokacin da ake da shi. Idan rumbun mutane ya ƙare ƙaf, mata sukan bi gidajenta su tona, su sheƙe ƙasar, su dafa abin da ya rage. "Na gani ina yaro, a wata yunwar," in ji shi. "Ban zaci zan sake gani ba. Da ka ce mini rami a daji, da fari, da dagi, da a kan tebur muka gama maganar."

Sauran shaidun nawa ba su ɗauki minti biyar ba suka watse. Samarin cin rani suka tafi, ba su ɗauki kaya ba don ba su da kayan ɗauka. Uku daga cikinsu 'ya'yan Inna Dije ne. Wayar ta mai gari ce, ita kaɗai ce a garin, yaran ne ke kira su tambaya ko kowa yana nan da rai, su kashe kafin kuɗin kiran ya cinye abin da suka samo. Ganyen itatuwan kuma ci aka yi.

Sai tsohuwar ta ɗaga kai ta dubi motocinmu, ɗaya bayan ɗaya, har da leƙa bayansu.

"Ku ne masu hatsin? An ce mana Alhamis. Mun share rumbun mai gari, muka zauna a bakin hanya har rana ta faɗi."

Dariyar da ta rage a fuskokin jandarmomi ta ɗauke. Kumanda ya cire tabaransa na rana, ya ce, "Inna, ni na sa hannu aka tsayar da shi, laifin farko nawa ne. Amma ga wanda ya ba ni shawara." Ya juyo gare ni. "Mushe, yi mata bayani. Da Hausa."

Shafi ashirin da biyu na rubuta, amma na rasa jimla ɗaya. Na durƙusa a gabanta, na ce akwai wata na'ura a sama mai ɗaukar hoto, ta nuna mana ramuka, muka zaci miyagun mutane ne suke ɓoye bindigogi.

"Daga sama ka ga ramukanmu?"

"E, Inna."

"Duka?"

"Arba'in da uku."

"Ikon Allah. Ni ma ban san sun kai haka ba." Ta dube ni. "To ita na'urar ba ta nuna maka rumbunanmu ba?"

"Ta nuna, Inna. Amma rumbu yana da jinka, ba a ganin cikinsa daga sama."

"Ai shi ya sa ake zuwa a leƙa, ɗan nan."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba. Ta ci gaba da kaɗa rariyarta, ta ce surukarta ta jira har Asabar, da ba ta ga mota ba ta ɗauki yara uku ta kama hanyar Damagaram a ƙafa, ƙaramin ma ba shi da lafiya. Ba su ji labarinsu ba tun ranar. A nan kunyar ta sauya ta zama wani abu dabam. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba, don na gane cewa kalma huɗun da na furta a ɗaki mai fanka su suka ɗora yara uku a kan hanya.

Kumanda ya tafi mota ya yi magana a rediyo, ya ce a saki kamiyon nan yanzu-yanzu. Da ya dawo, Inna Dije ta ce, "To in kun gama kama mu, rana na yi, ba mu haɗa na yau ba." Kumanda ya sunkuya ya ɗauki dagi ɗaya, ya auna nauyinsa a hannu, ya miƙo mini. Na karɓa.

Na shiga ramin na goma sha bakwai na yi ta sara har azahar. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Matan suna zaune a baki suna ba ni umarni, "Ba nan ba, bi hanyarta!" Abin da na fitar, da aka sheƙe aka tankaɗe, bai cika tafin hannu biyu ba. Mai goyon nan ta duba ta ce wa ta kusa da ita, da ƙarfi yadda zan ji, "Wannan ko tururuwar ba za ta ɗauke shi aiki ba."

Washegari motocin hatsi suka iso, ni ne a gaban ta farko, wannan karon ba hula. Na sauke buhu tare da masu saukewa har bayana ya riƙe. Da aka auna wa Inna Dije rabonta, ta ɗaure bakin zanenta, ta dube ni ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Amma nan gaba in za ka zo kama mu, ka taho da buhun tukuna."

Surukar tata kuwa kwana uku na yi ina nemanta a Damagaram, na bi asibiti, na bi ƙofofin masallatai, ban same ta ba. A rana ta huɗu na ajiye girman kai na roƙi Baba Ari. Ya tafi tasha ya sha shayi da direbobi, kafin la'asar ya dawo ya ce tana wani kango a bayan kasuwa. Yaran uku suna raye, alhamdu lillahi. Ƙaramin sai da ya yi mako biyu a asibiti kafin muka mayar da su gida. Da abin ya zo da ƙarar kwana, ban san da wane baki zan ba ku wannan labarin ba.

Ba a kore ni ba, ko da yake na shirya kayana. Kumanda ya sa aka haɗa teburina da na Baba Ari suka zama ɗaya, ya kafa doka cewa ba rahoton da zai hau sama sai wani ya zauna ya yi masa gardama iya ƙarfinsa, kuma sai an ji ta bakin wanda ƙafarsa ta taka wurin. Taswirar tawa ma ba ta tafi a banza ba. Aka goge kibiyoyin, aka miƙa ta ga masu raba hatsi, don duk inda ramukan suka yi yawa, nan ne rumbu ya riga ya ƙare. Da ita suka riƙa sanin garin da za a fara kai wa. Baba Ari da kansa ya koyi buɗe hotunan, da yatsa ɗaya, yana yi yana tsaki. Ni kuma na koyi shan shayi a tasha. Sunan da jandarmomi suka raɗa mini, Kumandan Tururuwa, ya bi ni har Yamai, akwai ma waɗanda ba su san ina da wani sunan ba.

Yanzu furfura ta fito mini, ni ke zaune a kan babban tebur. Bayanan da ke shigo mana a yini guda sun fi na shekara a wancan lokacin, kuma ina amfani da su sosai, ba na raina na'ura, ta sha ceton rayuka a gaban idona. Yaran da ake turo mini sun fi ni iya ta nesa ba kusa ba. Duk wanda ya shigo mini da gudu, ido na ƙyalli, ya ce ya gano maɓoyar maƙiya, nakan yaba masa, in ba shi kujera, in karanta rahotonsa har ƙarshe. Wani lokacin gaskiyarsa ce. Amma kafin in sa hannu sai na tambaye shi wa ya gaisar a can. In ya ce babu, in miƙa masa makullin mota.

Sukan fita suna gunaguni, na sani, wai tsohon ya cika tsoro. Su yi ta yi. Ni dai tururuwa ta cije ni a gaban jandarma goma sha biyu kafin na koyi abin da nake ba su kyauta: kafin ka tambayi me mutum yake ɓoyewa, fara tambayar ko ya ci abinci.